Watan da Na Rubuta wa Inna Kulu

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, bencinan da kuka zo aro ba gudu za su yi ba. Tun ɗazu nake jin ku kuna rabon aiki a sabuwar makarantar da za ku buɗe a unguwar Kelemat, wai ajin 'yan fari ba aiki ba ne, a bar wa wanda ya fi kowa raunin Ingilishi ya koya musu Monday da Tuesday da January, ku kuma manyan malamai ku kama nahawu. Sannunku da ilimi. Shekara talatin da ɗoriya ina koyar da Ingilishi a zauren nan na Amrigebe, kuma ban taɓa yin kuskuren da ya hana ni sukuni a nahawu ba. A sunayen watanni na yi shi, wato wurin da kuke cewa ko makaho zai bi.

Aikin farko da maigidana ya ba ni shi ne shafa allo. Baba Kumasi muke ce masa, tela ne, ya taso daga zangon Kumasi zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a Njamena kamar yadda ya ƙare wa kakannin yawancinmu, sai ya zauna. Shi ya zo da Ingilishi cikin unguwar nan. Zan fasa tsofaffin batura, in daka baƙin cikinsu, in kwaɓa da ƙaro, in shafe katako da shi har ya yi baƙi ƙirin. Idan ya goga yatsa ya ga baƙi ya biyo shi, sai in sake. Daga nan ya sa ni yanka kwalayen sukari, manya goma sha biyu na watanni, ƙanana bakwai na ranaku, a rataye su a igiya kamar shanya. Na yi wata uku ina wannan kafin ya yarda in riƙe alli a gaban mutane, ni kuwa a raina ina cewa tsoho ya ga ɗan aike na banza ne kawai.

Shi yadda yake koyar da watanni, da sama yake haɗa su. Zai ɗaga kwalin April ya ce wannan shi ne lokacin da ruwan randa ke yin ɗumi, mutum ya kwana a tsakar gida. Ya ɗaga na August ya ce wannan shi ne lokacin da unguwar Shaguwa ke zama tafki, kowa ya naɗe wando. September, ruwa na sallama, gero ya fid da kai. December, a nemo bargo. A bayan kowane kwali akwai lamba, a gabansa kuma ɗan zane, ko gajimare ko rana ko zangarniya. Wata rana na tambaye shi me ya hana a rubuta watanninmu na Musulunci a ƙasan kowane suna, mutane su huta. Ya cire tabarau ya dube ni.

“Watan Bature a ɗaure yake, namu kuwa yawo yake yi,” in ji shi. “Ka haɗa shi da ruwa ko da zafi. Kada ka kuskura ka haɗa shi da tsayuwar wata.”

Na ce to, amma to ɗin baki ne.

Abin da ya sa aikin ke da wuya a garin nan, ku da kuka taso a lekol, makarantar Faransanci, ba za ku gane ba. Kashi uku ne mutanen da ke zama a bencinan nan. Akwai 'yan lekol, su janvier na bakinsu, mako guda sun gama, sai dai a yi ta faɗa da harshensu. Akwai 'yan kasuwa da direbobi, su da lamba suke ƙirga, shahar wahid, shahar tinen, kamar yadda ake yi da Larabcin gari. Sai kuma tsofaffin cikin gida, waɗanda ba su san komai ba sai watan Azumi, watan Layya, watan Cika-ciki. Mutanen Najeriya da suka zo kwanan nan sukan yi mana dariya, don su da Janairu da Fabrairu aka yaye su. Mu ba haka muka taso ba. Malamin 'yan fari sai ya fara sanin da wane lissafi mutum ya shigo kafin ya buɗe baki.

Wani direban babbar mota da ke bin hanyar Kusiri zuwa Gamboru ya taɓa hana ni darasi rana guda cur. Na buɗe littafin da Baba Kumasi ya bar min, mai hoton bishiya ɗaya sau huɗu, spring, summer, autumn, winter. Ya ƙura wa na ƙarshen ido ya ce wane mai asara ne ya zubar da auduga haka a ƙasa. Na ce ƙanƙara ce mai laushi, daga sama take zuba. Ya ce na taɓa gani? Na ce ban taɓa ba. Ya ce to ashe ni da shi duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi, don gaskiya ya faɗa. Tun daga ranar nake fara da namu, dry season da rainy season, damina da rani da muka sani, sannan in ce ga waɗansu huɗu can a ƙasashen da ban je ba, ku riƙe sunayensu don takarda. Summer ba bazara ba ce, winter kuma ba ɗarinmu ba ne, duk wanda ya ce muku ɗaya ne yana neman gama darasi da wuri ne.

Wannan na kiyaye. Ɗayan ne ban kiyaye ba, wato gargaɗin nan a kan tsayuwar wata. Bayan rasuwar Baba Kumasi aji ya cika, lokacin da kowa ke neman aikin man fetur a kudu ko aikin ƙungiyoyin agaji a gabas, ga masu zuwa sarin kaya ƙasashen waje. Kowa sauri yake yi. Sai na fara rubuta watanninmu da fensir, da ajami, a ƙasan kowane kwali, in goge in gyara duk shekara. Abin ya yi aiki kamar yankan wuƙa. Tsohon da zai yi wata biyu yana gargada, mako biyu ya haddace. Har yabo na sha, ana cewa almajiri ya fi malaminsa dabara. Wani lokaci nakan faɗa musu cewa baɗi abin zai goce, wani lokaci in manta, don na ɗauka kowa ya sani.

Inna Kulu ta zo min ne da hantsi, bayan ajin safe ya watse, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah. Gwauruwa ce, layi uku tsakaninmu, tana yin alkaki da dakuwa a gida ana zuwa saye. Ɗa ɗaya gare ta, Haruna, wanda duk unguwa ta san yana ƙasar waje yana fatauci. Ta tsaya daga bakin zaure ta yi sallama, ta ƙi hawa benci, ta shimfiɗa gefen mayafinta a ƙasa ta zauna. Ta ce karatu ta zo, amma ba ta son gaisuwa, ba ta son ciniki, sunayen watanni kaɗai take so. Na yi mata tsiya, na ce Inna, ko wani Bature ne ya yi miki alkawarin aure? Ta yi murmushi ta ce ɗan nan ba ka da ta ido, koya min dai.

Ina rataye kwalayen tana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da na kai na tara sai ta miƙe, ta matso, ta buɗe tafin hannunta na hagu tana duba. Na leƙa. Ashe da biro ta zana kalmar a hannunta, harafi harafi, kamar mai zanen lalle, har ta fara daga dama yadda ake rubutun allo. Ta ɗora yatsa a kan kwalin.

“Malam, wannan dogon, mai farawa da ƙugiya, wane wata ne?”

“September ke nan, Inna. Ga shi na rubuta a ƙasa, watan Layya.”

“Wannan da muke ciki?”

“Shi fa.”

A shekarar kuwa haka abin ya faɗo, kai da kai, tsayuwar watan Layya ta zo daidai da shigowar September. Ban yi mata ƙarya ba. Ban dai ƙarasa mata gaskiya ba, kuma ban tambaye ta inda ta samo kalmar ba, don ba kyau a tsare babba da tambaya.

Wata biyu ta yi tana zuwa, kullum da hantsi in babu kowa, da alkaki biyu a ƙulle a leda. Ban taɓa samun ɗalibi irinta ba. Ba ta rubutu, amma kunnenta ba ya zubar da abu. Ta haddace sha biyun a jere, ta haddace su daga ƙarshe zuwa farko, in na cakuɗa kwalayen ta tsince su ɗaya ɗaya. February ce kaɗai ta ba ta wahala, ta ce wannan ko mai ita sai ya yi shiri kafin ya kira ta. Ta iya ranakun mako ma, don na matsa mata, ta iya rainy season. Amma kowane darasi sai ta koma kan na taran nan, ta ce Satumba, watan Layya, ta gyaɗa kai. Ranar da ta yi min sallama ta roƙe ni in ba ta kwalin. Dama gefensa ya fara cinyewa, ina shirin yanka sababbi, sai na ciro shi daga igiya na miƙa mata da hannu biyu, ina jin daɗi wai na yi wa tsohuwa alheri.

Shekara ta zagayo na goge fensir na gyara. Ta sake zagayowa na sake gyarawa. Nata kwalin yana can cikin kwallarta, ba mai goge shi.

A shekara ta uku ne, tun kafin Azumi, unguwa ta fara jin cewa Haruna zai ci Layya a gida. Ita da bakinta take faɗa wa duk wanda ya zo sayen alkaki. Ta sa aka yaɓe ɗakinsa, aka gyara rufin da ke yoyo. Akwai ɗan rago da ta saya tun yana bin uwa, ta yi ta kiwonsa da dusa da harawa har ya zama abin kallo. Lokacin jikinta ya riga ya ƙi, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama sama, likita ya hana ta zama gaban wuta. Maƙwabciyarta ta ce min daga baya, magani da take sha ba don son rai ba ne, kullum in za ta haɗiya sai ta ce bari dai in kai Layya.

Layya ta zo cikin tsakiyar damina a shekarar. Aka sauko daga idi, kowa ya yanka, ita ta hana a taɓa ragonta. Rana ta biyu ma haka. Sai a rana ta uku, da la'asar, da liman ya aiko cewa lokaci zai fita, ta ce a yanka. Ta aiko min da cinya guda. Sauran ta soya ta zuba a kwano ta rufe, ta ce na Haruna ne, wata bai ƙare ba tukuna.

Kamar kwana goma bayan haka na bi ta ƙofar gidanta. Hadari ya haɗo baƙi daga gabas, na makara, na naɗe riga ina tsallake taɓo ina neman ɗan kilando mai babur ɗin haya. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a bakin zaure, wurin da ake hango ƙarshen layi. Na rage sauri na gaishe ta, na yi godiyar nama. Ta amsa a hankali, sannan ta ce:

“Malam, ga Satumba tana shirin fita.”

“Allah ya nuna mana ta baɗi, Inna,” na ce, na wuce.

Ku ji fa. Muna cikin August tsamo-tsamo. Ni ne mai rubuta kwanan wata a saman allo kowace safiya, a safiyar ma na rubuta. Maganar ta shiga kunnena, bakina ya ba da amsar da aka saba bayarwa, ƙafata ba ta tsaya ba. Da na tsaya na ce Inna, wace Satumba, ai ba ta shigo ba, da numfashi ɗaya ya isa. Ban tsaya ba, ina tsoron kada ruwa ya jiƙa min littafi.

Da aka ga watan Cika-ciki, maƙwabciyar ta ce ta shiga ta tarar da ita ta mai da fuska bango. Ta ba ta kunu ta ƙi, ta ba ta magani ta ce a ajiye. Abin da kawai ta ji daga bakinta shi ne sun riƙe shi, ba za su sake shi ba. Ga zazzaɓin damina ya samu jiki dama a raunane. Ba ta kai ranar Cika-cikin ba. Ni na shiga sahun gaba a jana'izarta, na ɗauki makara, na yi addu'a, na dawo na ci gaba da darasi, ban san komai ba.

Haruna ya iso bayan an yi sadakar bakwai da 'yan kwanaki, ruwa na sallama, gero ya fid da kai. Ramamme, da jaka ɗaya a kafaɗa. Kwana biyu da zuwansa ya yi sallama a zauren nan da hantsi, ya zauna daidai inda uwarsa ke zama. Shi ya warware min komai, ba tare da na tambaya ba. Ba fatauci yake yi ba. Wani ya ba shi ajiyar kaya a filin jirgi a wata ƙasa bayan teku, aka kama shi da su, aka ɗaure shi. Wani baƙo da aka sako kafin shi, mai wucewa ta Njamena, shi ya kawo wa tsohuwar takardar kotu, ya ja layi a ƙarƙashin kalma ɗaya, ya ce mata nan da shekara uku, a wannan watan za a sake shi, sannan ya kama hanyarsa. Ita kuwa ta gwammace ta zo ta zauna a ƙasa gaban sa'an ɗanta ta koyi harshen da ba ta taɓa ji ba, da ta miƙa wa wani ɗan unguwa takardar ya karanta, gobe a ji a bakin rijiya cewa ɗan Kulu na kurkuku. Shekara uku ta rufa masa asiri, ko maƙwabciyarta ba ta sani ba.

Ya ce abin da ya kasa ganewa shi ne dalilin da ya sa ta sa ran ganinsa da Layya, alhali ranar da aka rubuta aka sake shi, ko kwana ɗaya ba a ƙara masa ba. Ya ce wataƙila tsufa ne ya rikita mata lissafi. Sannan ya zaro abu daga aljihu, a naɗe cikin ƙyallen da take ɗaure goro, ya ce a ƙasan kwallarta ya samu tare da takardar kotun, an ce masa nan take zuwa karatu, shi ya sa ya zo ya yi min godiya.

Na karɓa na buɗe. Kwalin sukari ne, gefensa ya cinye. September, da babban baƙi, ga 'yar zangarniya a gefe. A ƙasa, da fensir, da ajami, da hannuna, watan Layya.

Zan iya yin shiru. Wallahi shaiɗan ya raɗa min in yi shiru, in karɓi godiya, in ce Allah ya ji ƙanta, kalas. Amma ba zan iya barin a ɗora wa matar nan ruɗewa ba, ita da ba ta taɓa ruɗewa a gabana ba. Na ce masa tsufa bai taɓa lissafinta ba. Na nuna masa fensirin, na ce ni na rubuta, a shekarar da ta zo daidai ne, amma watanmu na ja baya kowace shekara, cikin uku ya goce da wata guda, kuma ban faɗa mata ba. Na faɗa masa har maganar bakin zaure da amsar da na ba ta. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba, har yau kuma ba su sake ni ba.

Ya daɗe yana kallon kwalin. Na zaci zai zage ni, da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi. Ya ce Allah ya riga ya rubuta kwananta, ya ce laifinsa ne, shi ya fara jefa ta cikin jiran. Can ya ɗago kai.

“Malam, ta iya kuwa?”

“Ta iya,” na ce. “Duk sha biyun, gaba da baya.”

Sai ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Da zai tafi ya ɗauki takardar kotun, ya bar min kwalin.

A ranar na sauke duk kwalayen da ke igiya na ƙone su a bayan zaure, na yanka sababbi irin na Baba Kumasi, lamba a baya, zane a gaba, ƙasa fayau. Aji ya ragu a shekarar, don na daina sauri, mutane kuma suka ce Malam ya tsufa. Yanzu duk wanda ya zauna a gabana, kafin ya ji January sai ya ji cewa watan Bature ba sunan watanmu ba ne da wani harshe, wani lissafi ne daban, sai ya maimaita min da bakinsa sau uku. Kuma duk wanda ya zo neman kalma ɗaya tak, nakan rufe littafi in tambaye shi a hankali yaushe zai yi amfani da ita, bana ko baɗi ko baɗin baɗaɗa. Ba sai ya faɗa min sirrinsa ba.

To, ga bencinan can, ku ɗauki shida, ku bar min biyu. Ga kwalaye kuma na yanka muku saiti guda, kada wanda ya sa musu fensir a ƙasa. Ajin 'yan fari ku ba wanda ya fi ku haƙuri, wanda in tsohuwa ta yi magana zai tsaya ko da ruwa na dukansa. Wancan na saman allo, mai cinyayyen gefe, ku bar shi inda yake. Na ɗalibar da ta fi kowa riƙe karatuna ne. Abin da na koya mata shi ta riƙe, ko wasali ba ta zubar ba.